Tarihin Nazarin Hausar Baka da Matsayin Karin Harshen Zamfara

Hausar da ake yi a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi tana cikin rukunin da masana ke kira karin harshen yamma, tare da Sakkwatanci da Gobiranci da Adaranci. Mutumin Zurmi zai ce zamna da amre da sabka a inda Bakano ke cewa zauna da aure da sauka. Zai ce hwari maimakon fari, munka zo maimakon muka zo, kuma na da ta ne ke tsaya masa a gurbin ne da ce. Tarihin ƙasar ya taimaka wajen samuwar wannan kari. Zamfarawa ne ke da ita tun asali, Gobirawa suka mamaye ta a ƙarni na 18 suka kafa Alƙalawa, jihadi ya rushe Alƙalawa a 1808, sannan jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929 ɗauke da fatake da ma'aikata masu wasu kare-karen.

Nazarin Hausa a Turai daga bakin mutane ya faro, ba daga littafi ba. Bajamushen nan ɗan mishan, J. F. Schön, wanda ya shiga ayarin binciken kogin Kwara a 1841, ya fitar da jerin kalmomin Hausa a 1843. Daga baya ya zauna da Dorugu, wani saurayi daga ƙasar Damagaram da ya bi Heinrich Barth zuwa Turai, yana rubuta abin da ke fita daga bakinsa. Labaran suka fito a littafin Magana Hausa a 1885. Kunne da alƙalami su ne kayan aikin wancan zamani, shi ya sa abubuwa biyu da ma'anar kalmar Hausa ta rataya a kansu suka kuɓuce wa marubutan farko, wato karin sauti da tsawon wasali. Da su ake rarrabe gari na zama da gari na tuwo, ko kuka na hawaye da kuka ta miya.

A wajajen 1928 August Klingenheben ya bayyana yadda baƙaƙen ƙarshen gaɓa suka sauya a Hausa. Bayaninsa ya ɗaga darajar karin yamma a idon masana, domin ya nuna cewa zamna da sabka su ne tsofaffin siffofi, Kananci ne ya mayar da m da b suka koma u. Ashe abin da ɗan birni ke ɗauka Hausar ƙauye shi ne ya fi kusa da tushe. Ƙamus ɗin G. P. Bargery na 1934, mai kalmomi kusan 39,000, ya nuna karin sauti, ya kuma sa alama a kan kalmomin da ya tarar a Sakkwato da Katsina da sauran garuruwa. Har yau ba a yi wani ƙamus na Hausa da ya kai shi yalwa ba.

Sai dai a daidai wannan lokaci ne aka gina daidaitacciyar Hausa a kan Kananci. Ofishin Talifi na Zariya a ƙarƙashin Rupert East, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, da Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, duk sun ƙarfafa wannan zaɓi. Zaɓin ya yi amfani, domin da shi aka sami rubutu ɗaya da kowa ke karantawa. Amma ya bar yaron Shinkafi da aiki biyu. Yakan koyi magana a bayan uwarsa, ya goge ta a wurin tatsuniya da gaɗa da dandali, sannan ya shiga firamare ya tarar ana gyara masa kalmomin da kakanninsa suka riga littafi furtawa. Yadda yara ke haɗa kare-karen nan biyu a baki ɗaya fage ne mai faɗi ga mai nazarin koyon harshe.

Makaɗa ne suka adana muryar yankin kafin masana su iso da rakoda. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da Kassu Zurmi, makaɗin maza, sun bar waƙoƙi a faifai da kaset waɗanda suke cike da karin yamma yadda ake furta shi. Da jami'o'i suka buɗe, waɗannan muryoyi suka zama abin nazari. An kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kano a 1969, shekarar da M. K. M. Galadanci ya kammala digirinsa na uku a Landan kan nahawun Hausa. Jami'ar Sakkwato, wadda yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta biyo baya a 1975. Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu, Aliyu Muhammad Bunza ya rubuta littafi sukutum a kan Narambaɗa. A ƙetaren iyaka kuma Bernard Caron ya fitar da cikakken bayanin Adaranci a 1991, Paul Newman ya kawo misalan karin yamma da yawa a babban nahawunsa na 2000.

Zamanin kwamfuta ya sauya abin da ake nema. Manhajar da ke mayar da magana rubutu ba ta koyo daga ƙa'idojin nahawu, daga sa'o'i masu yawa na muryoyin da aka ɗauka aka kuma rubuta take koyo. A 2012 masu bincike a Karlsruhe ta Jamus suka gwada irin wannan manhaja ga Hausa, da muryoyin da suka ɗauko a Kamaru. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, shirin Common Voice na Mozilla kuma ya ba masu sa kai damar karanta jimloli su aika ta intanet. Jimlolin da ake karantawa na daidaitacciyar Hausa ne, saboda haka na'urar ta fi sabawa da harshen jarida da rediyo fiye da na kasuwar Shinkafi.

Damar bincike a yau tana nan a wannan giɓi, kuma cibiyoyin da za su iya cike shi suna kusa: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda tun 1983, da Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013. Rashin tsaro da ya addabi ƙauyukan yankin ya sa fita ɗaukar murya ya yi wuya. Akwai kuma matsala a teburin mai rubutawa. In tsohuwa ta ce zamna, shi ya rubuta zauna, na'ura za ta gane manufarta amma karin ya ɓace daga taskar. In ya rubuta yadda ta furta, dole a samar da ƙa'idar rubutu da za ta ɗauki hw da baƙaƙe masu ninki irin na yaz zo, har da karin sauti da tsawon wasali waɗanda rubutun boko na yau da kullum bai nuna su.