Daga Fadar Shuri Zuwa Filin Makaranta: Nazari Kan Asalin Karate Na Zamani

Labarin da ya fi yawo a bakin masu koyar da karate shi ne cewa manoman tsibirin Okinawa ne suka ƙago shi, bayan da mayaƙan Satsuma na Japan suka mamaye daularsu ta Ryukyu a 1609 suka hana su riƙe makami. Wannan maƙala tana ganin tarihi bai goyi bayan wannan labari ba. Karate ya girma ne a hannun mutanen fada, kuma siffar da duniya ta san shi da ita a yau, wato fararen kaya da ɗamara mai launi da jerin ɗalibai suna motsi tare, makarantar boko da gwamnatin Japan ne suka ba shi ita a farkon ƙarni na 20.

Hujja ta farko tana cikin asalin malaman kansu. Matsumura Sokon dogarin sarakunan Ryukyu ne a fadar Shuri, almajirinsa Itosu Anko kuwa magatakarda ne a fadar. Shi ma Azato Anko, malamin Funakoshi Gichin (wanda daga baya ya koyar da karate a Tokyo), ɗan gidan sarauta ne. Irin waɗannan ne ke da sukunin cuɗanya da jakadun Sin da zuwa lardin Fujian, inda dabarun faɗa da yawa suka fito. Koyarwar tasu ta ɗaiɗaiku ce: Funakoshi ya ba da labarin yadda yake zuwa gidan Azato da dare, yana maimaita kata (wato tsararren jerin motsin faɗa) guda a tsakar gida a hasken fitila, wata da watanni, kafin a ƙara masa wata. Da Japan ta rushe sarautar a 1879, waɗannan mutane suka rasa muƙamansu, sana'ar kuma ta rasa majingina.

Itosu ne ya sama mata sabon gida. A shekarun farko na ƙarni na 20 ya shigar da ita makarantun Okinawa, ya tsara kata biyar na Pinan domin yara su iya ɗauka a aji, sannan a 1908 ya rubuta wa hukuma wasiƙa yana nuna amfaninta ga lafiyar jiki da kuma aikin soja. Abin da ake koya wa mutum ɗaya a ɓoye ya koma darasin da malami ɗaya ke bai wa yara da dama da ƙidaya. Funakoshi ya ƙarasa aikin bayan ya je Tokyo a 1922. Daga judo na Kano Jigoro ya ari tufafi da tsarin daraja, ya ba da baƙar ɗamara ta farko a 1924, ya sauya sunayen kata zuwa na Japananci, Pinan ta zama Heian, Naihanchi ta zama Tekki. A littafinsa na 1935 an daina rubuta sunan karate da harafin da ke nuni ga Sin, a daidai lokacin da dangantakar Sin da Japan ta yi tsami.

Mai suka zai ce ai kata sun girmi duk waɗannan sauye-sauye, kuma tsofaffin malamai ma suna horo da haƙuri da kame kai. Gaskiya ne, amma ladabin bafade da ya gada a gida daban yake da manhajar gyaran hali da aka rubuta domin jama'a. Ta biyun ce aka ɗora wa karate don ya samu zama kusa da judo da kendo, kuma ba ta rasa daraja don sabuwa ce. Tarbiyyar da ta natsar da miliyoyin matasa ba ta buƙatar tatsuniya ta tsaya mata.

Wannan ya shafi muhawarar da ake yi kan gasa. Masu cewa gasar ƙasa ta farko da ƙungiyar karate ta Japan (JKA) ta shirya a 1957, ko shigar karate wasannin Olamfik na Tokyo a 2021, cin amanar gargajiya ne, suna kare tsarin da shi kansa gyara ne na zamanin Itosu da Funakoshi. Suna da damar ƙin gasa bisa wasu dalilai, amma hujjar daɗaɗɗen asali ba ta tare da su.