Rariyar Wasiƙu: Yadda Aka Fara Tace Saƙonnin Banza

A zamanin da wasiƙa ke tafiya a takarda, mutumin Kore Mairuwa da ke son aika saƙo zuwa Yamai ko Dosso sai ya nemi mai rubutu, ya sayi ambulan, sa'annan ya biya kuɗin kan sarki ko ya roƙi direban motar da ke bin babbar hanya ta ɗaya. Wannan wahala ita ce ke tsare mai karɓa, domin ba mai ɓarnar kuɗinsa ya rubuta wa mutum dubu da bai sani ba. Imel ya kawar da kuɗin kan sarki, ya kuma kawar da wannan kariya tare da shi.

Masana tarihin kwamfuta suna ɗaukar ranar 3 ga Mayu 1978 a matsayin mafarin abin. A ranar ce Gary Thuerk, ma'aikacin kamfanin DEC a Amurka, ya aika tallar sabuwar na'ura ga mutum kusan 400 a kan ARPANET, kakar intanet. Aka yi masa ca. A watan Afirilu 1994 wasu lauyoyi biyu, Laurence Canter da Martha Siegel, suka watsa tallar cacar bizar Amurka a dubban zaurukan Usenet, kuma daga nan ƙofa ta buɗe.

Yankinmu ya shiga wannan tarihi ta wata ƙofa mara daɗi. Tun shekarun 1980 ake aika wasiƙun damfara daga Legas ta gidan waya, daga baya ta fakis: wani ya ce yana da dukiya mai yawa da ta maƙale, yana neman wanda zai biya ɗan kuɗi a fito da ita a raba. Dabarar ba ƴar Afirka ba ce. A ƙarni na 19 Vidocq ya bayyana irinta a Faransa da sunan wasiƙun Urushalima, waɗanda fursunoni ke rubutawa. Sunan 419 kuwa lambar sashe ce a kundin laifuffukan da ke aiki a kudancin Nijeriya. Kano da Sakkwato da kundin Penal Code suke shari'a, amma sunan bai bar su ba. Bayan rasuwar Janar Sani Abacha a Yuni 1998, sai ga saƙonni ba iyaka da ke da'awar daga iyalinsa suka fito, alhali ƙarya ce tsagwaronta.

A daidai lokacin ne aka fara tunanin miƙa aikin tsaro ga wani na waje. A 1997 Paul Vixie ya buɗe wani baƙin jeri mai suna RBL, wato rajistar adireshin na'urorin da aka kama suna zubo tarkace. A 1998 Steve Linford ya kafa Spamhaus a Ingila kan wannan aiki. Yadda abin ke tafiya ba shi da wuya: kafin na'urar da ke karɓar wasiƙa ta buɗe ƙofa, sai ta tambayi mai jerin ko adireshin mai aikawa yana cikin rajista, in yana ciki, ta mayar da shi. Kamar mai gadi ne da ba ya karanta wasiƙa, fuskar ɗan aike kawai yake dubawa.

A nan ne talaka ya sha dukan da ba nasa ba. Intanet ta shigo Nijar a ƙarshen shekarun 1990 ta hannun SONITEL, kuma a shekarun da suka biyo baya yawancin malamai da sakatarorin ƙungiyoyi a shagon intanet suke rubutu, a Yamai ko Maraɗi, ko a Kano da Zariya. Shago guda yakan fita duniya da adireshi guda, ko da kwamfuta ashirin ke cikinsa. In ɗan damfara ya kwana a kujera ta uku yana aika saƙonni, adireshin shagon duka ne ke shiga jeri, sai wasiƙar malamin da ya zauna a kujera ta huɗu da safe, yana neman gurbin karatu ko tallafin ɗab'in littafi, ta ɓace ba labari. Wasu masu jerin ma ba su tsaya ga shago ba, ƙasa sukutum suka rufe. Abin da ya fi ciwo shi ne mai wasiƙar sau da yawa ba ya sanin an hana ta. Sai ya zaci an raina shi ne.

Hanya ta biyu ita ce karanta wasiƙar kanta. A 2001 Justin Mason ya fitar da SpamAssassin, manhajar kyauta da ke ba kowane saƙo maki bisa alamomin zargi, kamar manyan baƙaƙe da alkawarin miliyoyi. In makin ya kai biyar, sai a ware shi. Wasu ƙa'idojinta na farko da sunan Nijeriya aka kira su ƙarara, kafin daga baya a sauya musu suna zuwa na laifin kansa. A Agusta 2002 Paul Graham ya yaɗa wata dabara da ta dogara ga lissafin Thomas Bayes, limamin coci ɗan Ingila da ya rasu a 1761. Maimakon mutum ya rubuta ƙa'ida, sai a nuna wa na'ura tulin saƙonnin kirki da tulin na banza, ta ƙirga sau nawa kowace kalma ta fito a kowane tuli, ta koyi rarrabewa da kanta. Wannan rariya ta fi adalci, domin ba ta tambayar garin mai wasiƙa, kuma tana iya koyon kowane harshe muddin an ba ta misalai isassu. Sharaɗin nan na ƙarshe ne Hausa ta daɗe ba ta cika ba.

Ba da jimawa ba tacewa ta zama kasuwa. Symantec ya sayi Brightmail a 2004, Google kuma ya sayi Postini a 2007 a kan dala miliyan 625. Bill Gates ya yi alkawari a Davos a Janairu 2004 cewa cikin shekara biyu za a gama da matsalar. Ba a gama ba. Abin da ya fi tasiri shi ne tarewar jama'a a Yahoo da Hotmail da Gmail, inda duk wanda ya danna maɓallin ƙorafi yake koya wa rariyar miliyoyin mutane. Gwamnatoci ma sun motsa: Amurka ta yi dokar CAN-SPAM a 2003, Nijeriya ta kafa EFCC a ƙarƙashin Nuhu Ribadu a shekarar, dokarta ta 2006 kuma ta wajabta wa masu shagunan intanet yin rajista. Nijar ta kafa tata dokar laifuffukan intanet a 2019.

Kafin wannan doka ta zo, mutanen Arewa da yawa sun tsallake imel gaba ɗaya, daga wasiƙar takarda suka faɗa wayar hannu. Maƙaryatan ma can suka bi su, da saƙon cin kyauta da muryar ɗan'uwan ƙarya mai neman a turo masa kuɗi cikin gaggawa. Tun 2016 WhatsApp ke kulle saƙonni ta yadda kamfanin kansa ba ya karanta su, saboda haka rariyar Graham ba ta da abin ƙirgawa a can. Abin da ya rage wa kamfanin shi ne lura da halin lambar da ke aikawa da kuma ƙorafin waɗanda aka aika wa.