Damuwa a karkarar Kano: Dalilanta da hanyoyin rage ta

Damuwa, a cewar Hukumar Lafiya ta Duniya, ita ce ƙuncin zuciya ko fargabar da mutum kan shiga idan ya sami kansa a mawuyacin hali.

Kaɗan daga cikinta kan sa mutum ya tashi tsaye. Amma idan ta daɗe, sinadarin kotisol da jiki ke fitarwa kan hana barci, ya kuma taimaka wajen kawo hawan jini. Ciwon kai da saurin fushi da rashin son abinci na daga cikin alamominta.

Tafiya take da shekarar noma

Ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Bichi da Dambatta da Minjibir na cikin yankin karkara mai cunkoson jama'a, wanda masanin nan ɗan Birtaniya, Michael Mortimore, ya fara nazarinsa tun shekarun 1960.

A nan gona kan ƙanƙance duk lokacin da aka raba gado, kuma ba a barinta ta huta, don haka ba ta yi sai da taki.

Hankalin magidanci kan tashi idan ruwan shuka ya yi jinkiri a watan Yuni. Da marka kuwa, rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba. Da kaka masu bin bashi na jira, da rani kuma maza su tafi ci-rani, nauyin gida ya koma kan mata da tsofaffi.

Janye tallafin man fetur a shekarar 2023 ya ƙara tsadar sufuri da kayan masarufi.

Abin da ke taimakawa

Bincike ya nuna cewa wanda ke da mutanen da yake dogara da su ya fi jure wahala. Wannan shi ne amfanin gayya da adashi da zumunci: ana raba nauyin aiki da na kuɗi, ana kuma samun wanda za a faɗa wa abin da ke cikin zuciya.

Baligi na bukatar barcin akalla sa'o'i 7 a dare. Goro da shayi na ɗauke da sinadarin kafin mai korar barci, don haka gara a rage su daga la'asar.

Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar motsa jiki na akalla minti 150 a mako. Manomi na samun fiye da haka da damina, amma tsofaffi da matan da ba sa fita na bukatar kulawa.

Jan numfashi a hankali na 'yan mintoci kan sassauta bugun zuciya. Salla da zikiri da karatun Alƙur'ani na ba mutane da dama natsuwa, suna kuma tsara musu yini.

Zoɓo marar sukari kan ɗan rage hawan jini, sai dai ba ya maye gurbin maganin likita.

Ƙwayoyi ba mafita ba ne

Wasu matasa kan sha taramol don jure aikin gona, amma yana kama jiki, yana kuma iya jawo farfaɗiya. Saboda irin wannan ta'ammali ne gwamnatin Najeriya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a shekarar 2018.

Lokacin zuwa asibiti

Idan baƙin ciki ya wuce mako 2, ko mutum ya kasa aiki, ya ƙaurace wa jama'a, to a nemi ma'aikacin lafiya. Wanda ya fara maganar kashe kansa kuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti nan take.

Akwai asibitin masu taɓin hankali a Dawanau, da kuma sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta shekarar 1958, wadda aka sanar da sanya mata hannu a watan Janairun 2023, ta haramta nuna wa irin waɗannan marasa lafiya bambanci.