Yadda ake haɗa ƙananan faifan sola a gida

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kunna janareta ya zama abin da magidanci ke yi wa lissafi, shi ya sa masu shaguna da ma'aikata da dama suka koma ga sola. Mafi yawansu da kaɗan suke farawa: faifai biyu, batir ɗaya, da kwanturola, wato na'urar da ke daidaita caji. Sayen kayan ba shi ne mai wuya ba. Wajen haɗawa ne ake ƙona kuɗi.

A bayan kowane faifai akwai takarda mai ɗauke da lambobi, kuma ita ake fara karantawa. Bolt shi ne ƙarfin turin wuta, amfiya kuwa yawan wutar da ke gudana, kamar ƙarfin ruwa da yawansa a cikin bututu. Idan aka ninka ɗaya da ɗayan sai a samu wat. Faifai mai wat 100, irin wanda ake kira "na bolt 12" a kasuwa, a zahiri yana aiki ne a kusan bolt 18 da amfiya 5.5, idan kuma ba a jona masa komai ba yakan kai bolt 22. Wannan lamba ta ƙarshe, mai alamar Voc, a riƙe ta da kyau.

Hanyoyin haɗi biyu ne. Ta farko haɗin sarƙa: wayar faifan farko mai alamar tarawa (+) ta shiga ta faifai na biyu mai alamar ɗebewa (−), ragowar wayoyi biyun su tafi kwanturola. A nan bolt ne ke taruwa, sai a samu bolt 36 da amfiya 5.5. Ta biyu haɗin kafaɗa da kafaɗa: masu tarawa a wuri guda, masu ɗebewa a wuri guda. Bolt yana nan a 18, amfiya ta koma 11. Ko ta wace hanya wat 200 ne, babu wadda ke ƙara wuta.

Abin da ke raba gardama shi ne irin kwanturolar da mutum ke da ita. Mai arha, wadda aka rubuta wa PWM, tana janyo bolt ɗin faifai ne ƙasa zuwa na batir. Wanda ya ba ta bolt 36 a kan batir mai bolt 12 ya yi asarar fiye da rabin wutarsa, idan ma ba ta lalace ba. Ita sai haɗin kafaɗa. Ita kuwa MPPT tana mayar da rarar bolt zuwa amfiya, don haka haɗin sarƙa ya dace da ita, muddin jimillar Voc ba ta wuce iyakar da aka rubuta a jikinta ba. A bar rata mai kyau, domin sanyi yana ɗaga bolt: faifai huɗu da suka ba da bolt 88 na iya matsowa kusa da iyakar bolt 100 da sanyin safiyar hunturu a Jos ko Kano.

Haɗin sarƙa yana da wata riba. Zafin da ke ɓata a cikin waya yana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da amfiya ta ninka sau biyu, saboda haka mai haɗin kafaɗa yana buƙatar waya mai kauri, musamman idan rufin na da nisa da ɗakin batir. Wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 4 ko 6 ake amfani da ita, da mahaɗin MC4 wanda ruwa ba ya shiga. Murɗa waya a naɗe da salatif, kamar yadda ake yawan gani, gayyatar gobara ce. Aibin sarƙa shi ne inuwa: tankin ruwa ko reshen darbejiya ya rufe faifai ɗaya, ragowar ma sai su ja baya.

Haka nan ba a son gauraya. Faifai mai amfiya 5 da mai amfiya 3 a sarƙa ɗaya, duka za su tafi ne a amfiya 3. Duk wanda aka ce masa "ai duk sola ce" a shago, ya nemi ganin takardar baya.

Wajen jonawa, batir ake fara haɗawa da kwanturola domin ta gane ko bolt 12 ne ko 24, sannan faifai. Wajen kwancewa faifai ake fara cirewa. A lulluɓe faifan da bargo yayin aiki, don muddin akwai rana akwai wuta. A sa fis a wayar tarawa dab da batir, idan kuma layukan kafaɗa sun kai uku, kowanne ya samu nasa fis. Inbata a batir ake jona ta kai tsaye, ba a ƙananan ramukan fitar wuta na kwanturola ba.

A arewacin Najeriya faifai kudu yake fuskanta, a karkace da digiri 10 zuwa 15, da sarari a ƙarƙashinsa don iska, saboda an auna wat ɗin da ke takarda ne a zafin digiri 25, kuma zafin kwanon rufi a watan Afrilu yana rage shi. Ƙurar hunturu ma tana cin nata kason, sai an riƙa gogewa da ruwa da sassafe.

Wat 200 a rana mai kyau zai ba da abin da zai riƙe ƙwan fitila masu tsimin wuta, fanka, talabijin da cajin waya. Ba zai ɗauki dutsen guga ko hita ba. Batirin ruwa mai lamba 100Ah kuwa rabinsa kawai ake sha a dare. Wanda ke tatse shi ƙarƙaf kullum zai koma kasuwa tun kafin lokacinsa.