Man Ɗaɗɗoya: Abin da ke Cikinsa da Amfaninsa

Ɗaɗɗoya, wadda masana ke kira Ocimum gratissimum, tsiro ne na Afirka. Ƙamshin da ake ji in an murza ganyenta daga wani mai yake fitowa, mai saurin bin iska. Ana fitar da shi ta hanyar turara ganyen, a sanyaya tururin, sai man ya rabu da ruwa. Ba shi da auki: kilo 100 na ɗanyen ganye da kyar yake ba da lita 1.

Ba kowace ɗaɗɗoya ce iri ɗaya ba. A wata sinadarin timol ne ya fi yawa, kuma ita aka fi samu a Afirka ta Yamma. A wata kuwa yujinol ne, wanda ke ba kanumfari ƙamshinsa. A ɗakin gwaji dukansu suna hana ƙwayoyin cuta da fumfuna yaɗuwa, man kuma yana kashe ƙwarin da ke huda wake a ajiya.

Sai dai fa gwaji a kwalba daban, jikin mutum daban. Zallar man yana ƙona fata, kuma ba a shan sa. A nisanta shi daga yara da masu ciki.

Mai son nomanta ya yanka ganye da ta fara fure, ya shanya a inuwa, don rana tana kwashe man.