Madubin Rana a Fadar Sakkwato

'Yan'uwa, a cikin Ayyukan Manzanni sura 27 mun karanta yadda guguwa ta kama jirgin da ya ɗauko Bulus, da mutum 276 a ciki. Kwana da kwanaki ba su ga rana ko taurari ba, har suka fid da zuciya ga tsira. Me ya sa rashin ganin rana ya tsorata su haka? A tsakiyar teku babu dutse, babu kuka, babu wanda za ka tambaya hanya. Sama kaɗai ce alama.

Shekaru ɗaruruwa bayan haka ne matuƙa suka iya auna wurin da suke da rana. Da tsakar rana, sa'ad da inuwa ta fi gajarta, sai matuƙi ya ɗauki wani ƙarfe mai madubai da ake kira sekstan, ya auna tsayin rana daga inda sama ta haɗu da ruwa. Sai ya duba littafin lissafi, irin wanda Ingila ta fara bugawa domin shekarar 1767, wanda ya nuna inda rana take kowace ranar shekara. Daga nan ya san nisansa arewa ko kudu da tsakiyar duniya. Mu a Orozo muna wajen digiri 9 arewa, shi ya sa a watan Afrilu da ƙarshen Agusta inuwarmu takan shige ƙarƙashin ƙafa da tsakar rana.

Gabas da yamma ne suka fi wuya, sai da agogo. Duniya tana juya digiri 15 a awa ɗaya. In rana ta kai tsaka a jirginka, agogon da ka saita a gida kuwa ya ce ƙarfe ɗaya, ka yi digiri 15 yamma ke nan. Agogon John Harrison, wanda aka gwada a tafiyar Jamaika a 1761, shi ya nuna abin zai yiwu.

Wannan ilimi ya iso ƙasar Hausa a hannun wani hafsan jiragen ruwan Ingila, Hugh Clapperton, wanda ya shiga Sakkwato a watan Maris 1824. Mutanen gari suka raɗa wa ƙarfensa suna madubin rana. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ce a kawo ya gani. Kada mu ɗauka baƙon ya sami jahili: Clapperton da kansa ya shaida cewa Bello ya san taurari da yawa da sunayensu na Larabci.

A tudu babu bakin teku, don haka matafiya sukan auna hoton rana a cikin ɗan faranti na zaiba. Makullin akwatin wannan abu ya ɓace wa Clapperton, sai ya roƙi wuƙa ya ɓalle murfin. A gaban sarki fa! Nan take, in ji shi, Bello ya kai hannu ga takobi. Baƙon ya yi kamar bai gani ba, ya buɗe akwatin, ya nuna masa yadda ake auna rana.

Clapperton ya sake dawowa, ya rasu kusa da Sakkwato a watan Afrilu 1827.