'Ya'yan Bennet da 'Yan Matan Birnin Zazzau

'Yan ajinmu za su tuna da Pride and Prejudice, littafin Jane Austen na 1813, wanda muka sha gyangyaɗi a kansa a darasin Adabin Turanci. A lokacin mun ɗauka labarin soyayya ne kawai. Sai da na sake karanta shi bara, ina fama da lissafin lefen ƙanena, na gane ashe rabinsa maganar gado ce da kuɗi.

Mista Bennet yana samun fam 2,000 a shekara daga gonakinsa na Longbourn, yana da 'ya'ya mata 5, ba namiji. Sharaɗin da aka ɗaura wa gidan shi ne namiji kaɗai ke gadonsa, saboda haka ranar da ya mutu wani danginsa, Mista Collins, zai kwashe gida da gona. To, ina laifin uwarsu da muke yi wa dariya don ta rasa sukuni da jin Bingley mai fam 4,000 zuwa 5,000, balle Darcy mai 10,000? Charlotte kuwa, da shekara 27, ta auri Collins ba don so ba, don ta sami rufin asiri. A Ingilar wancan zamani dukiyar mace takan koma hannun mijinta da zarar an ɗaura aure, kuma sai a 1882 doka ta sakar mata abinta gaba ɗaya. Rabuwa kuma kusan babu, sai Majalisa ta yi doka ta musamman.

Shekarun da Austen ke rubutu su ne shekarun da Malam Musa ya kafa mulkin Fulani a nan Zazzau. A cikin ganuwarmu lissafin daban ne. Shari'a ta ba 'ya mace rabin kason ɗan'uwanta, sadakinta nata ne, abin da ta samu a saƙa ko kaɗi ko fura miji ba shi da iko a kai. Tambayar da ake yi a zaure ita ce, "Ɗan wane gida ne?"

M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar nan a 1949 da 1950 ya kuma fitar da Government in Zazzau a 1960, ya nuna yadda sarauta ke zagayawa tsakanin Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Sabon sarki yakan tuɓe mutanen wanda ya gada ya naɗa nasa, wato arzikin sarauta ba ya zama wuri ɗaya kamar gonakin Darcy. Don haka aure ya zama igiyar da gidaje ke ɗaure juna da ita, sarki kuma yakan aurar da 'yarsa ga wanda yake so ya riƙe. A ƙasa da masu sarauta akwai malamai da attajirai, can ƙarshe mahauta da makaɗa da maroƙa. Mahauci zai iya fin malami kuɗi nesa, amma ya nemi 'yar malamin ya ji amsa. Wannan kuwa al'ada ce, domin a mazhabar Malikiyya addini da rashin aibi ake dubawa. Lady Catherine, wadda ta taka har Longbourn don ta hana auren Darcy da Elizabeth, da ta zo Ƙwarbai ba za ta rasa ƙawaye ba.

Inda muka fi su a fili shi ne ƙofar fita. Matar Smith, Mary, ta rubuta tarihin Baba ta Karo daga bakinta a Giwa, aka buga a 1954. Auren farko na zumunci aka yi wa Baba da ɗan'uwanta Duma. Ta yi biyayya ga iyaye, ta zauna, daga baya ta fita ta auri Malam Maigari da take so tun farko. Aure 4 ta yi a rayuwarta, ba wanda ya ce ta zubar da mutunci. Charlotte ba ta da wannan dama. Collins ne har kabari.

Ƙanen nawa fa? Da wakilanmu suka je neman auren a Anguwar Juma, tsohon gidan ya tambayi sunan kakanmu ya gyaɗa kai. Washegari gwaggon yarinyar ta aiko a ji matakin albashinsa, da yawan akwatunan da za a kawo.